A cibiyarmu, sai yaro ya karanta littafi daga bango zuwa bango

Aiki ɗaya muka riƙe a wannan cibiya tamu da ke Tudun Wadan Zariya: mu koya wa yaro ya karanta Turanci ya gane abin da ya karanta. Ba ma koyar da lissafi, ba ma taɓa kimiyya, duk da iyaye sun sha roƙon mu ƙara. Auna fahimta da taƙaitawa muka sa a gaba, kuma da littattafan ƙagaggun labarai muke yin su, cikakku, ba gutsure ba. Yawancin ɗalibanmu 'yan aji biyar da aji shida ne na sakandare masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Akwai 'yan ƙaramar sakandare da iyayensu suka farga da wuri, akwai kuma matan aure da ma'aikata da ke zuwa ajin ranar Asabar.

Mutane kan tambaye ni me ya haɗa labari da jarrabawa. A takardar Turanci ta WAEC, wadda ake rubuta insha'i a cikinta, rabin makin yana kan karatu ne: 20 na auna fahimta, 30 na taƙaitawa. Matanin da za a ajiye wa yaro a ranar bai taɓa ganinsa ba, kuma babu malamin da ya isa ya haddace masa shi. Abin da zai fisshe shi kawai sabo ne. Ido ya saba da doguwar jimla, hankali ya saba riƙe zaren magana daga wannan sakin layi zuwa wancan. Irin wannan sabo ba ya samuwa daga matani mai layi ashirin da ake yi sau ɗaya a mako. Labari ne ke zaunar da yaro awa guda bai ankara ba, don yana son jin yadda wane zai ƙare. Duk wanda ya ga yadda 'yan matanmu ke cinye littafin Hausa mai kashi uku kafin gari ya waye ya san ba ƙyuyar karatu ke damun yaranmu ba. Turancin ne ba a taɓa miƙa musu shi a cikin abin da ke da daɗi ba.

Jerin littattafan da muke bi shi ne abin da na fi alfahari da shi, domin na daɗe ina gyara shi kafin ya zauna. Sabon ɗalibi da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi yake farawa, wanda ya fito a 1960. Gajere ne, jimlolinsa a miƙe suke, ga jirgin ƙasa, ga ramuwar gayya, ga sunayen da yaro ke ji a unguwarsu. A Minna aka haifi Ekwensi a 1921, ya san Arewa da idonsa, kuma ana jin haka a rubutunsa. Daga nan sai littafinsa Burning Grass na 1962, labarin Mai Sunsaye, dattijon Bafulatani da ciwon yawo ya kama, ya bar gida ya bi tsuntsuwa. Sai The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗaya daga cikin na farko-farko a jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977. Sannan The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, wanda 'yan mata kan yi ta musu a kansa har bayan an tashi, saboda halin da Li, jarumar labarin, ta shiga bayan mijinta ya tafi birni. Sai an haye waɗannan ne muke buɗe Things Fall Apart na Chinua Achebe. Dalilina shi ne kada a haɗa wa yaro baƙon harshe da baƙuwar duniya a lokaci guda. Ya fara samun ƙafa a ƙasar da ya sani, makiyaya da kasuwa da zaure, kafin a kai shi Umuofia, ƙasar Ibo da labarin Achebe ya faru a cikinta.

Ban tashi da wannan dabara a kaina ba. Yayata ce ta fara jefa ni cikin karatu. Tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado cike da littattafan Pacesetters da take musanye da ƙawayenta, kuma sharaɗinta shi ne duk wanda na ara sai na ba ta labarinsa da Hausa kafin ta ba ni wani. Tana tankaɗe ina tsugune ina zuba, in na tsallake wani wuri ta ce, "A'a, koma, me ya sa ta ƙi shi?" Sana'ar kanta kuwa a hannun wani dattijon malami na koye ta, wanda ya shekara da shekaru yana duba takardun WAEC kafin ya yi ritaya. Baba Malam muke ce masa, Allah ya jiƙansa. Ina sabon malami nakan kai masa tambayoyin da na tsara, ya ɗora tabarau, ya karanta matanin a hankali yana bin layi da bayan biro. Ya kan ce, "Ɗana, tambayar da yaro zai amsa da yatsa ba tambaya ba ce." Nufinsa wadda yaro zai nemo kalmar a matani ya kwafe layin gaba ɗaya. Shi ya nuna mini yadda masu duba takarda ke zaftare maki idan ɗalibi ya kwashi jimlar marubuci ya zuba a matsayin taƙaitawa, da yadda amsa mai kyau kan faɗi saboda ba a rubuta ta a cikakkiyar jimla ba.

Bari in nuna yadda darasi ɗaya ke tafiya. Babi na bakwai na littafin Achebe ne, inda ake kashe Ikemefuna, yaron da aka ba Okonkwo, jarumin littafin, riƙo. Ɗalibai sun karanto shi daga gida. In suka zauna, sai in ce a rufe littafi, in nuna mutum ɗaya ya faɗi abin da ya faru da Hausa, wani ya maimaita da Turancinsa na kansa. Daga nan tambayoyi kashi uku. Na farko abin da ke kwance a shafi: wa ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu, kuma wane dalili ya bayar? Ezeudu ne, saboda yaron uba yake kiransa. Wannan kowa kan samu. Kashi na biyu shi ne abin da ke ƙarƙashin shafin. Marubucin ya faɗa mana tsoron kada a ce masa rago ne ya sa Okonkwo ya zare adda. To daga ina wannan tsoro ya samo asali? Nan aji kan yi tsit, sai ka ji ana buɗe shafuka ana komawa baya, har wani ya kai babin farko da na biyu ya tarar da Unoka, uban Okonkwo, mai sarewa da tarin bashi. Na sha ganin fuskar yaro a daidai lokacin da ya haɗa waɗannan biyun da kansa, kuma wallahi ita ce ladan wannan aiki. Sannan in tambaya: me ya sa marubucin ya shigar da mu cikin zuciyar yaron yana tafe da tulun bammi a ka, yana tunanin uwarsa da ƙanwarsa, ana saura kaɗan a sare shi? Wata yarinya ta taɓa amsa mini da cewa, "Malam, don mu ma mu ji an kashe mana wani ne." Ban ƙara komai a kai ba, na sa ta rubuta shi da Turanci a allo, muka gyara nahawun tare. Kashi na uku na harshe ne, irin wanda WAEC ke so: a ciro wani yanki na jimla a faɗi sunansa a nahawu da aikin da yake yi, a kawo kalmar da za ta maye gurbin wata ba tare da ma'ana ta goce ba.

Yanzu a gaya mini, wace ƙasidar taƙaitawa ce za ta yi wa yaro wannan?

Waɗannan ƙasidu su ne ciwon da ke ci mini tuwo a ƙwarya. JAMB takan sanya littafi guda da kowane ɗalibi zai karanta, kuma daga cikin tambayoyi 60 na Turanci, 10 daga littafin suke fitowa. An yi Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, aka yi The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli daga 2021 zuwa 2024, sannan The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba a 2025. Da zarar an sanar da sabon littafi, kafin yara su riƙe shi a hannu, ƙasidu sun cika bakin makarantu da zaurukan WhatsApp: labarin gaba ɗaya a shafi shida, da jerin tambayoyi da amsoshi a haddace. Masu yin su kwafar juna suke yi, kuskuren na farko shi na goma zai ɗauka. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini ɗaya da aka ɗora wa wata 'yar wasa laifin da wata daban ta aikata a labarin, kuma ta riga ta haddace shi haka. Abin ya fi yi mini zafi a kan The Life Changer. Littafi ne mai sauƙin Turanci, uwa ce ke ba 'ya'yanta labarin rayuwar jami'a bayan ɗanta Omar ya samu gurbin karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello. Tsangayar shari'a tana Kongo, ga ta nan kusa da mu, yaranmu na wucewa ta ƙofarta kullum. A ce irin wannan littafi ma sai an tauna wa ɗan Zariya an ba shi a baki? Ko da ƙasidar ta ci masa waɗancan goman, ta raba shi da damar da ta fi su, wato ya karanta littafi guda cur da Turanci sau ɗaya a rayuwarsa, abin da zai taimake shi a sauran hamsin ɗin.

Mu kuwa tambayoyin canki-canka da kanmu muke tsara su, kuma a nan gwanintar take. Rubuta amsar daidai ba wuya. Wahalar tana wajen amsoshi ukun da ba daidai ba, don dole kowace ta zama mai jan hankali. Ɗaya nakan sa ta zama gaskiya ce a labarin amma ba ita aka tambaya ba. Ta biyu nakan gina ta da ainihin kalmomin matanin amma in juya ma'anar, domin kama mai amsa da yatsa. Ta uku ita ce abin da zuciyar yaro ke so ya zama gaskiya, ko abin da tarbiyyar gida ta koya masa, alhali marubucin bai faɗa ba. Wannan ta ukun ita ta fi kayar da yara masu hankali. Bayan an duba, ba na barin ɗalibi da cewa ya faɗi. Sai ya gaya mini wane tarko ne ya kama shi, ya nuna layin da ya ƙaryata zaɓinsa. Tambaya goma masu kyau kan cinye mini yamma guda, kuma ba na sake amfani da su sai na ga yadda aji ya yi da su na gyara masu rauni. Shi ya sa raina kan ɓaci in na ga takardunmu an yi musu fotokwafi an goge sunanmu ana raba su a wani lesin, babu mai bayanin dalilin kowace amsa.

Littattafan kansu sai an sa ido. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, tawada ta kwanta, wani shafin a juye, wani babin ya ɓace ɗungurungum. Duk kwafin da ya shigo nan sai mun ƙirga shafukansa ɗaya bayan ɗaya, mu ɗinke gindinsa da zare, mu sa masa riga da takarda mai kauri. Dillalin da ya kawo mana na jabu sau ɗaya ba ya sake ganin kuɗinmu.

Iyaye kuma, Allah ya saka musu da alheri, wasu sai sun taya kamar a kasuwar Sabon Gari. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Malam, na bayan layinmu darasi huɗu yake koyarwa, ga ƙasida kyauta, kuma bai kai kuɗinka ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ara mini yaron na ɗan lokaci, kai ma ka zauna." Na buɗe shafi guda na ba shi. Ya karanta da murya tar, babu gargada, har uban yana gyaɗa kai. Na rufe littafin na ce ya gaya wa Baba da Hausa abin da ya faru. Yaron ya sunkuyar da kai. Ba dakiki ba ne, ko kusa, kawai dai ba a taɓa neman ya gane ba, furtawa aka koya masa. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ranar da za a fara. Wannan gwaji shi muke yi wa kowane sabon ɗalibi a gaban wanda ya kawo shi, kuma kyauta ne.

Sauri yana zuwa ne a ƙarshe. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, yanzu kuma tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, don haka a watannin ƙarshe muna sa ɗalibai karanta matani a fuskar kwamfuta da agogo a gabansu. Amma ba na ɗora wa yaro agogo sai na tabbatar yana ganewa, domin gaggawa a kan rashin fahimta canke kawai take haifarwa.

Ba ma wuce mutum goma sha biyu a aji, saboda kowa sai ya yi magana a kowane zama, kuma kowane rubutu ni ko abokiyar aikina muke bi da jan biro layi-layi. Mai niyyar kawo yaro ya daure ya kawo shi tun yana aji huɗu, kada a jira sai an sayi fom. Wanda ya makara ma ba ma korarsa, sai dai mu gaya wa iyaye gaskiyar abin da wata uku za su iya gyarawa da wanda ba za su iya ba. Yaro ya zo da littafin rubutu biyu da biro. Ƙamus da littattafan labari muna da su, aro muke bayarwa a tafi da su gida, a dawo da su ranar darasi na gaba.