Wasiƙa daga Ingila: kafin ku ce a riƙo muku PlayStation

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman masu gidajen gem da samarin da ke tara kuɗi don sayen na'urar wasa. Muna gaishe ku daga nan Ingila, da fatan kowa yana lafiya.

Saƙon da ya fi zuwa wa mutanenmu na nan shi ne: "Yaya, in za ka taho ka riƙo mini PS." Riƙowa ba ta da wuya. Wuyar ita ce na'urar ta shekara tana aiki. Yawancinsu lafiya ƙalau suke barin nan. Wuta da zafi da ƙura ne ke kashe su a gida, sai kuma asusun da aka ɗora wasannin a kansa.

Mu fara da wuta. Ƙarfin wutar gidaje a Ingila bolt 230 ne, daidai da na Najeriya, har kan fulogin mai ƙafa uku iri ɗaya ne. Mutanen Nijar sai sun sauya igiya, don soket ɗinsu irin na Faransa ne. Amurka kuwa 120 ce, Japan 100. PS4 da PS5 suna karɓar daga 100 har 240, saboda haka ko daga Amurka suka fito, igiya kaɗai za a sauya. Inda ake ƙonewa shi ne na'urorin wasa na kamfanin Microsoft, Xbox 360 da Xbox One ta farko, masu wannan ƙaton bulon wuta a waje. Ku juya bulon ku karanta rubutun bayansa. In kun ga 100 zuwa 127, kada ya taɓa wutar nepa sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba ƙara ɗaya za ku ji, sai ƙauri. Daga Xbox One S zuwa sama an daina wannan matsalar.

Amma ɓarnar da ta fi yawa daga ɗaukewar wuta take zuwa. In wuta ta ɗauke na'ura tana cikin rubuta bayani a hadis ɗinta, wato ma'ajiyar bayananta, bayanin yakan gurɓace, wasa ya riƙa fita da kansa. Maganinsa UPS, wato akwatin batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke ta. Iyakar abin da PS4 Slim ke ja wat 165 ne, PS4 Pro 310, PS5 ta farko mai faifai 350, ga talabijin a kai. Ƙaramin UPS mai lamba 650VA bai kai wat 400 ba, zai ɗauki Slim da talabijin, amma Pro da PS5 a nema musu 1000VA ko fiye. Kuma ba don ku ƙarasa wasa aka saye shi ba, mintuna biyu ko uku ne yake ba ku ku kashe na'urar yadda ya kamata. Yanayin hutun nan da na'ura ke shiga ba tare da an kashe ta gaba ɗaya ba, fitilarta ta koma ruwan lemo, ku manta da shi, na masu wutar da ba ta ɗaukewa ne. In da janareta ake aiki, a bari ya tashi muryarsa ta daidaita kafin a kunna, a kuma kashe na'urar kafin a kashe shi.

Sai zafi. Kamfanin Sony ya rubuta cewa a yi amfani da na'urar a ɗakin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 35. A watan Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40. Ke nan tun kafin a kunna ta an wuce iyakarta. A ba ta aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango, a ɗaga ta daga ƙasa, kada a sa ta cikin kabad ko kan katifa. Ƙyallen da ake rufa mata saboda ƙurar hunturu yana da amfani, amma sai ta huce bayan an kashe.

In kuka ji fankarta tana ruri kamar jirgi zai tashi, ƙura ta toshe ta. Hura iska daga waje ba ya komai sai ƙara tura ƙurar ciki. A PS4, dattin yana taruwa ne a bakin siraran ƙarafunan da ke bayan fanka, ya yi kauri kamar bargo. Sai an cire wuta, an kwance murfi da sukudireba mai bakin tauraro da rami a tsakiya, lamba T8 ko T9, an ɗebe bargon da buroshi mai laushi. In za a hura fankar, a danne ta da yatsa, domin juyawa da ƙarfin iska yana lalata ta. Na'urar da ta shekara biyar ko fiye, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarta da ƙarfen sanyaya ya bushe. A goge tsohon tas da sifirit na aisofurofil, a ɗiga sabo kamar ƙwayar masara a tsakiya, a mayar da ƙarfen ya baza shi da kansa. Yawan man ba ya ƙara sanyi. PS5 kuwa ba mai ba ne a cikinta, ƙarfe ne mai ruwa, kuma wuta na bi ta cikinsa: ɗigo ɗaya ya zubo kan allo, an gama. Wanda bai taɓa buɗe irinta ba, kada ya koya a kan taku. Zare murfin waje ya isa a share fanka. Ku kuma lura da kyankyasai, suna son ɗumin akwatin wutar PS4, kuma su ne ke haɗa wayoyi su ƙone shi. Mai gidan gem ya hana cin abinci kusa da na'urori.

Maganar asusu ita ce inda kuɗi suka fi salwanta. Wasan da aka saya ta intanet na asusu ne, ba na na'ura ba. In mai sayarwa ya ce "akwai wasa goma a ciki", ku tambaye shi a asusun wa suke. In nasa ne, ranar da ya cire na'urar daga matsayin babbar na'urar asusunsa, za ku wayi gari ku ga kwaɗo a kan kowane wasa. Na biyu, shagon PlayStation ba shi da Najeriya ko Nijar a jerin ƙasashensa, shi ya sa kowa ke buɗe asusun Amurka ko Ingila. Ƙasar da aka zaɓa ranar farko ba ta sauyuwa, kuma katin kuɗin dala ba ya shiga asusun fam. Faifai kam daga ko'ina yana yi, amma ƙarin kayan wasa da ake saya daga baya dole ƙasar asusu ta dace da yankin faifan. Don haka ku tsayar da ƙasa ɗaya, ku gaya wa mai aiko muku tun kafin ya biya. Na uku, PS4 da aka yi wa kutse aka cika ta da wasanni kyauta ba ta shiga wasan intanet. Da zarar an sabunta manhajarta, kutsen ya tafi, wasannin sun daina buɗewa. Ga gidan gem da ake buga ƙwallo biyu-biyu tana iya isa, ga mai son karawa da mutanen duniya asarar kuɗi ce. Ku kuma sani akwai PS5 da ba ta zuwa da gurbin faifai. Ta fi araha, amma kowane wasa sai an sauke shi, wasu sun haura gigabait 50.

Buga wasan kansa ba ya cin data sosai. Saukewa da sabuntawa ne ke cinyewa, sai ku shiga saiti ku kashe saukewa ta kai tsaye. Abin da ke sa ɗan wasanku ya makara da bugun ƙwallo ba ƙarancin gudun intanet ba ne, nisan tafiyar saƙo ne zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, a Turai ya dawo, wanda daga yankinmu yakan haura milisakan 100. Nisan ba ya raguwa, amma igiyar intanet daga rauta zuwa na'ura tana rage tsalle-tsallen da wayales ke jawowa. In gwajin intanet na na'urar ya nuna NAT nau'i na 3, wato haɗin da ya fi takura, abin da layin waya ya saba bayarwa ke nan, kuma shi ke hana jin muryar aboki ko shiga ɗakin wasansa na intanet. Yawanci daga kamfanin layin ne, sauya saiti a gida ba ya gyara shi.

Ranar karɓar na'ura, a bar ta ta yi wasa mai nauyi na rabin awa a gabanku, a girgiza igiyar HDMI a hankali a ga ko hoto zai ɗauke, a saki fad a ga ko ɗan wasa yana tafiya da kansa. In PS4 ce, kuma daga baya lambar kuskure CE-34878-0 ta dame ku, ku kashe na'urar, ku danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 7 har ku ji ƙara ta biyu, ku haɗa fad da igiya, ku zaɓi sake gina ma'ajiyar bayanai. Ba ya goge wasa. In matsalar ta ci gaba, mai yiwuwa hadis ne ya gaji: irin na laftof ne, mai inci 2.5, ana samunsa a kasuwa, sai dai a kwashe ajiyar wasanni a filasha kafin a sauya.

A gaida mutanen gida.

Wassalam,
'Yan uwanku masu gyaran na'urori a Ingila