Kwamin wanka ko shawa: abin da nake tambayar mai gida kafin mu fasa tayil

A bayan shagona a nan Kano akwai kwamin wanka, wato dogon bahon nan da ake tara ruwa a kwanta a ciki, guda biyar a jingine da bango. Duk daga gidajen mutane muka ciro su, kuma babu ko ɗaya da ya fashe. Masu su ne suka gaji. Ni asalina mai aikin famfo ne, a hannun maigidana na koya, daga baya na haɗa da tayil. Yanzu da yarana shida muke karɓar gyaran banɗaki ɗungurungum, tun daga fasawa har ɗaura madubi.

Kwanaki wata Hajiya ta kira ni gidanta, ta miƙo min waya da hoton banɗakin wani otal da ta sauka a Makka. "Malam, irin wannan nake so, da kwamin nan fari." Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, kafin mu yi maganar kwami, daga ina kuke samun ruwa?" Ta ce famfo yakan zo jefi-jefi, sauran kwanakin 'yan garuwa ne. To a nan maganar take. Kwami madaidaici, mai tsawon mita 1.7, yana shanye wajen lita 150 kafin mutum ya ce ya kwanta a ruwa. Jarkar 'yan garuwa lita 25 ce, kenan jarka shida a wanka ɗaya. Shawa ta minti biyar ba ta cika wuce lita 50 ba, bokiti ɗaya kuwa ya ishi babban mutum. Ga hita: yawancin waɗanda muke ɗaurawa masu lita 30 ne ko 50, sau da yawa kafin kwami ya cika ruwan zafin ya ƙare.

Sannan mu ba mu saba kwanciya cikin ruwan da dattin jikinmu ya sauka ba. Wankanmu na zubawa ne, balle wankan tsarki. Shi ya sa in ka shiga gidan da aka sa kwami shekara uku baya, abin da za ka tarar bokiti ne a tsakiyarsa da kofi, mutum na tsaye a kan santsi yana wanka. Wasu sun mai da shi randa, a tara ruwa ranar da famfo ya zo. Abin da ya fi damuna tsofaffi ne. Bakin kwami ya kai rabin mita daga ƙasa, a ce dattijo mai ciwon gwiwa ya ɗaga ƙafa ya tsallaka shi da kumfar sabulu a jiki, wannan neman karaya ne. Maijego ma haka: ruwan da ake tafasa mata da ganyen darbejiya, in aka riƙa juye shi yana tururi a kwamin roba, ba ya daɗewa yake dusashewa.

Ba wai na tsani kwami ba ne. Gidan da ke da rijiyar burtsatse, da banɗaki fiye da ɗaya, da ƙananan yara da ake yi wa wanka a zaune, ko wanda ke son gasa jiki a ruwan ɗumi, sai in ce a sa a ɗaya, sauran a bar su shawa.

Ita ma shawar tana da nata. Mutane na son faffaɗan kan nan mai zubo ruwa kamar ana marka, amma ƙarfin ruwa daga tsayin tanki yake zuwa. In tankinka na kan ƙarfe mai mita uku, kan shawa kuma na mita biyu, tazarar mita ɗaya kacal ce, ruwan zai riƙa ɗiga kamar hawaye. Ko dai a ƙara wa tankin tsayi, ko a sa ƙaramin injin tura ruwa, shi kuma sai da wuta. Saboda haka duk shawar da na haɗa sai na bar famfo a ƙasa, daidai tarar bokiti da buta da yin alwala. Masai kuwa kafin mu kafa shi nakan tambayi inda gabas take, don kada mai gida ya zo daga baya ya ce ya fuskanci alƙibla a tumɓuke.

Yanzu maganar wanda za ka ba aikin, wadda ta fi ta kwami da shawa nauyi. Kowa zai nuna maka hoto a waya, ai ranar da aka gama ko aikin banza sheƙi yake. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, in da hali na bene. Kada ka tsaya kallon tayil. Ka zagaya bayan bangon ka ga ko fenti ya kumbura, ka sauko ƙasa ka ɗaga kai ka dubi silin. Ka kwara bokitin ruwa a daɓen ka ga ina ya nufa. Daɓen da aka yi daidai yana gangara wajen santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita, ruwan ya bi magudana da kansa ba sai an kore shi da tsintsiya ba. In ka ji warin sokawe, an bar magudanar ba lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta tare iska.

Na san wannan ne don ni ma na taɓa shan kunya. Farkon tsayawata da ƙafata na karɓi banɗakin sama a wani gida, mai gida na gaggawa saboda biki. Na tsallake shafa maganin hana yoyo a ƙarƙashin tayil, ban kuma gwada bututun ba kafin mu rufe da siminti. Wata huɗu silin falonsa ya yi taswira. Da kuɗina na fasa na sake, ribar aiki uku ta tafi. Tun daga ranar, in mun shafa maganin sai mun toshe magudana mun tara ruwa ya kwana ya wuni, bututu kuma sai an cika shi an matsa an ga bai rage ba. Tsohon bututun ƙarfe in na same shi a bango cire shi nake, tsatsa ta riga ta ci cikinsa. Na ruwan zafi muna sa koren bututun roban nan na PPR da ake narka bakinsa da zafi a haɗa, na fitar da ƙazanta kuma PVC.

Ka ba mutum ɗaya alhakin aikin gaba ɗaya. In ka ɗauko mai famfo daban, mai tayil daban, ranar da yoyo ya ɓullo kowa ɗan'uwansa zai nuna. A rubuta jinga a takarda, kuɗin kaya gefe, kuɗin hannu gefe, a biya kashi uku: kafin alƙalami, bayan gwajin ruwa, sai cikon bayan an yi mako ana amfani da wurin. Wanda ya ce a ba shi duka a farko, ka duba wani. Tun da naira ta faɗi a 2023 ba na ba da farashin kaya da ya wuce mako guda, kuma nakan fi son mai gida ya bi ni kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ya ga abin da ake saya da idonsa. Kan famfo biyu za ka gani iri ɗaya, ka ɗaga ka ji ɗaya da nauyi, ɗayan kamar gwangwani. Tayil na ƙasa mai kaushi za ka ɗauka, mai ƙyalli na bango ne, ka kuma ƙara kwali ɗaya ka ajiye, don in ka dawo bayan wata shida da wuya ka sami kalar sak.

Hajiya dai ba ta sauka daga kan kwaminta gaba ɗaya ba. Mun sa mata shi a banɗakin ɗakinta bayan ta yarda za ta haƙa burtsatse. Na mahaifiyarta kuwa da ke zaune tare da ita mun yi shawa ba dokin ƙofa, da dakalin zama, da ƙarfen dafawa a bango. Tsohon kwamin da muka ciro daga can shi ne na biyar a bayan shago. Jiya wani mai kiwon tarwaɗa ya zo ya yi cinikin uku, ya ce gobe zai turo a-kori-kura.