Riƙon matasa a ikilisiya: tsakanin makarantar Lahadi da ranar barin gida

Na daɗe ina koyar da ajin baftisma, a gida kuma ina da 'ya'ya matasa. Inda muke asarar yara ba ɓoyayye ba ne: tsakanin shekara 13 da 17. Yaro ya fi ƙarfin makarantar Lahadi, yana jin kunyar zama da masu waƙar tafi, in ya leƙa Zumuntar Matasa kuma sai ya tarar da 'yan shekara 30 suna zancen aure da neman aiki. Sai ya koma bakin taga a bayan majami'a, waya a hannu.

Abin da muka fara gyarawa shi ne yawan kai. Aji mai mutum 40 wa'azi ne kawai, ba wanda zai buɗe baki. Muka raba su shida-shida, iyaka takwas, maza daban mata daban, kowane rukuni da babba guda wanda ba mahaifinsu ba. Na 'yan mata daga Zumuntar Mata muka samo su, kuma ba masu iya magana a gaban taro muka nema ba, masu riƙe sirri muka nema. Sharaɗi uku muka kafa: namiji ba ya riƙon yarinya, iyaye su san rana da lokaci, ganawa kuma a baranda ko a gindin bishiya, inda ake ganinsu amma ba a jin abin da suke faɗa. Minti 45 ne a mako, a tashi kafin duhu. Lokacin WAEC da NECO mukan rage zuwa minti 20, domin in aka soke gaba ɗaya da wuya rukunin ya sake haɗuwa.

Da Bisharar Markus muke farawa. Sura 16 ke gare ta, labari na bin labari, ana gamawa cikin wata huɗu. Waɗanda muka sa su fara daga Farawa yawanci a Littafin Firistoci suka tsaya. Yaran ne ke karantawa, sannan a yi tambaya uku: me ya faru a nan, me ya ba ka mamaki ko ya dame ka, me za ka yi da shi a makon nan. Babba shi ne na ƙarshen magana. Wannan ya fi komai yi mana wuya, don mun saba da shiru ya yi daƙiƙa biyar sai mu cike shi da wa'azi.

Akwai matsalar harshe da na daɗe ban lura da ita ba. Sujada da Hausa, makaranta da Turanci, a gida kuma wani yaren. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, iyayenmu a kansa suka tashi, amma yaron yau yakan haddace aya da fansa ko barata a ciki bai san ma'anarsu ba, ta Turancin ma ji kawai yake yi. Yanzu kowane rukuni da Littafi biyu, na Hausa da na Turanci. A karanta duka, sannan yaro ya rufe su ya faɗi ayar da bakinsa kamar yana gaya wa ƙaninsa. A nan ake gane wanda ya fahimta.

Mun ajiye gwangwanin madara da tsaga a murfi, a jefa tambaya ba suna. Kashi ɗaya na tambayoyin daga makaranta yake zuwa, domin yaranmu da abokansu Musulmi suke zama: ta yaya Allah zai yi ɗa, alloli uku kuke bauta wa, an canza Linjila? Tsawata wa yaro a kan irin wannan na koya masa cewa ba mu da amsa. Mukan buɗe Maimaitawar Shari'a 6:4 da Markus 12:29 su gani da idonsu cewa Allah ɗaya muke bauta wa, mu bayyana cewa kiran Yesu Ɗa ba haihuwa ta jiki ake nufi ba, mu kuma tsaya a 1 Bitrus 3:15, inda aka haɗa ba da amsa da tawali'u. Ba mu yarda a zagi addinin kowa a rukuni ba. Sauran tambayoyin, waɗanda suka fi yawa, na soyayya ne, da hotunan batsa, da cacar ƙwallo, da wadda ta fi ciwo: me ya sa Baba yake wani mutum a coci, wani a gida?

Wannan ta kai ni ga sujadar iyali, wadda da yawanmu muka mayar kotu. A tashi yara da asuba, a yi awa guda, a zaɓi ayar da ta dace da laifin jiya. Gyaran da ya yi mini aiki: minti 15 bayan tuwon dare, waƙa ɗaya, aya kamar goma, yara su riƙa jagora bi da bi, kuma ba a shari'ar laifi Littafi yana buɗe. Iyaye mun haddace Afisawa 6:1 a kan biyayya, aya ta 4 da ta hana mu tsokanar 'ya'ya kuwa mukan tsallake ta. Waya kuma, ƙarfe tara kowa ya ajiye tasa a falo, har da tawa. Dokar da ta tsallake Baba ba ta kai mako biyu.

Tun ranar farko mukan gaya wa yara iyakar sirri: duk abin da ka faɗa zai tsaya nan, sai dai in wani yana cin zarafinka, ko kana tunanin kashe kanka, ko kana shan ƙwaya. Waɗannan za a sanar da iyaye ko fasto, kai ma kana wurin. In kuwa mai cin zarafin ɗan gida ne, ba a gida za a kashe maganar ba. Yaron da tiramol ya kama yana bukatar addu'a da asibiti tare. In ikilisiya ta sa yarinya a horo saboda ciki, mai riƙonta ba ta daina zuwa wurinta, ni kuma a taron dattawa nakan tambayi ina yaron da ya yi mata cikin yake.

Baftisma ba kammala karatu ba ce. Wasu don sa'o'insu sun shiga suke shiga, shi ya sa nakan tambayi kowa shi kaɗai, in kuma gaya masa jira ba abin kunya ba ne. Bayan an fito daga ruwa rukuni ya ci gaba aƙalla wata shida, kowa da aiki a hannunsa: karatun aya a sujada, kiɗa, taimakon makarantar Lahadi, ko Birged, ƙungiyar yara masu fareti ta coci.

Na ƙarshe shi ne miƙawa. Kafin yaro ya tafi makarantar kwana ko jami'a, mukan nemo masa mutum a can, galibi ta FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, wadda aka kafa a Gindiri a 1957. Mu ba shi suna da lamba tun yana gida, mai riƙonsa kuma ya kira shi ranar Asabar ta farko da ta biyu, ya tambaye shi ina zai yi sujada gobe, da wa zai tafi.