Jan fenti a katanga: lissafin mai gida a bakin titi

Tun da shirin sabunta birane na Jihar Kaduna, wanda aka ƙaddamar a 2019, ya iso Zariya, masu gidaje a bakin manyan tituna suka koyi karanta jan fenti. Da an hango safiyo da na'urarsa a Kwangila ko Palladan ko hanyar Basawa, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: mita nawa za a ci? Tambaya ce mai kyau, amma rabin lissafin ke nan. Faɗaɗa titi yana da ranar gamawa. Abin da ke biyo bayansa, wato mayar da layin na kasuwanci bayan da mazauni ne, shi ke sauya zaman gida har ga wanda katafila ba ta taɓa katangarsa ba.

Faɗin titi guda na zuwa da dawowa a ƙa'idar aikin hanya a Najeriya mita 7.3 ne. Idan za a yi tagwaye, an tashi 14.6. A ƙara shingen tsakiya, lambatu hagu da dama, da wurin masu tafiya a ƙafa, sai a doshi mita 22 zuwa 25. Tsohon titin da kafaɗunsa bai fi 12 ba, saboda haka kusan mita goma daga jikin mutane za su fito. Kuma ba dole a raba daidai ba: inda akwai kwana, ko maƙabarta, ko layin dogo, sai a jingina nauyin a gefe guda. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa kusan mita 30 ne. A cire shida, a cire tazarar da za a ce a bari kafin sabon gini, abin da ya tafi shi ne zaure, shagon gaba, kuma sau da yawa sokawe, tunda mutanenmu a gaban gida suke haƙa shi.

Titunan tarayya, irin hanyar Kaduna zuwa Kano da hanyar Sakkwato da ta ratsa Samaru, hukuncinsu daban: mita 45.72 daga tsakiyar titi a kowane gefe haƙƙin hanya ne. Haka wayar wuta: layin 33kV yana da faɗin mita 11, na 132kV mita 30, na 330kV mita 50. Ginin da ke cikin waɗannan ba shi da ƙafar tsayawa wajen neman diyya, ko ya shekara talatin.

Diyyar kanta ita ce inda aka fi yin kuskuren fahimta. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna amana, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a. Sashe na 29 ya faɗi abin da ake biya, kuma ba farashin fili a kasuwa ba ne. Ana biyan abin da aka ɗora a kan ƙasar: kuɗin sake gina irin ginin, a rage tsufansa, sai amfanin gona da itatuwa. Shi ya sa mai kangon fili da dillalai suka yi wa kuɗi miliyoyi yake iya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba, maƙwabcinsa mai shaguna huɗu na bulo ya fi shi samu nesa ba kusa ba.

Don haka ranar ƙidayar kadarori ta fi ranar biya muhimmanci. Abin da bai shiga takardar ranar ba, da wuya ya shiga daga baya. Mai gida ya tsaya da kansa, kada ya bar wa ɗan haya ko yaro. A auna katanga tsawo da tsayi, a rubuta ko ta bulo ce ko ta ƙasa, da filasta ko babu. A ƙirga rijiya, burtsatse, sokawe, dakali, ƙofar ƙarfe, daɓen siminti, mangwaro da darbejiya. A ɗauki hoto da lambar da aka rubuta a bango, a karɓi kwafin abin da aka sa wa hannu. Unguwa tana iya ɗaukar ƙwararren mai kimanta kadarori ya wakilce ta, amma a rubuta kason da zai ɗauka tun farko, a kuma karanta takardar wakilcin da kyau, kada ta ba shi ikon karɓar kuɗin a madadin mutane.

Takarda fa? Shaidar ciniki mai hatimin mai unguwa ko dagaci tana nuna an saya, ba ta kai shaidar mallaka da KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, ke bayarwa ba, kuma izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, wani abu ne na uku. Gidajen gado su ne ciwon kai: magada goma sha biyu, takarda da sunan kakan da ya rasu tun kafin a haifi rabinsu. A je kotu a raba, ko a naɗa wakili a rubuce, kafin diyya ta fito. In ta riga ta fito, zumunci ne ke biyan bashin.

Sauya layi zuwa na kasuwanci yana da daɗinsa, ba a musu. Fili yana tashi, shago yana samun haya, a kusa da Samaru da Kongo ɗakunan ɗalibai suna kawo kuɗi. Amma wanda shaidarsa ta ce mazauni, in ya fasa gaba ya yi shaguna ba tare da neman canjin amfani ba, ya saɓa sharaɗin takardarsa. In ya nema kuma, akwai kuɗin canjin, harajin fili na shekara yana ƙaruwa, kuma za a tambaye shi wurin ajiye motoci, wanda fulotin da aka riga aka yanke ba shi da shi. Ƙarshenta mai ƙaramin ƙarfi sayarwa yake yi, mai kuɗi ya haɗe fuloti uku ya tayar da bene.

Benen nan shi ne abin da masu zane ba sa gani a taswira. Tagar hawa na biyu da ke kallon tsakar gidan maƙwabci ta kashe gidan, domin mata ba za su ƙara sakewa a wurin girki da wanki ba. Ga janareto har tsakar dare, ga gidan mai ko wurin sayar da gas a jikin katanga. A ganina duk unguwar da aka kira taron jin ra'ayi, wannan ya kamata ta fara sa wa a gaba, kafin maganar kuɗi: iyakar hawa, ɓangaren da taga za ta kalla, da sana'o'in da ba za a yarda da su ba a jikin gidajen kwana.

Sai ruwa. Sabon titi kusan kullum ya fi tsohon tudu, saboda cikon jar ƙasa da dutse da ake yi kafin kwalta. Gidan da da yake zubar da ruwansa a titi, yanzu titi ne zai zubo masa, kuma ruwan Agusta a Zariya ba ya jira. Tun ana haƙa lambatu a duba ko bakin kwatar gida ya fi ƙasan lambatun tsayi. In bai fi ba, a rubuta wa injiniyan aikin kafin a zuba kankare. A takardar a haɗa da buƙatar murfin lambatu a ƙofar gida mai ɗaukar nauyin mota, da tambayar inda za a buɗe shingen tsakiya don juyawa da tsallakawar yara 'yan makaranta. A sa hannun masu gidajen layin, a kai kwafi ga hakimi, a riƙe guda mai hatimin karɓa da kwanan wata.