Kuɗin Kujera da Kuɗin Kiɗa

Ranar Juma'ar nan zan miƙa katin kamfani da 'yar tutar da nake ɗagawa baƙi su biyo ni, bayan shekara bakwai ina jagorar masu yawon buɗe ido. An ce in bar wa yaran da aka ɗauka bana wani rubutu a kan rangadin gidajen kofi da mashayu masu tarihi, tunda ni na fi kowa jan baƙi zuwa can. To ga shi. Ƙirga kai a bakin mota da adana fasfo ba sai na faɗa ba, mako ɗaya ya ishi mutum ya iya. Maganar Venis zan yi, domin na san har gobe ana ba da labarin a ofis, kuma ba yadda ya faru ake ba da shi ba.

Ga wanda bai taɓa taka dandalin San Marco ba: gidajen kofi uku ne suka yi suna a wurin. Akwai Florian, wanda Floriano Francesconi ya buɗe a 1720, a ƙarƙashin rumfunan ginin da ke gefe guda, sai Lavena da Quadri a ɗaya gefen. Da yanayi ya yi ɗumi sai a fito da kujeru fili, a kafa ɗan dandamali, makaɗa su hau da fiyano da goge irin na Turawa. Na wannan gida su tsaya, na wancan su ɗauka. Baƙo ya gaji da hawa da saukar gadoji, ya ga kujera ba kowa, ga kiɗa mai sanyi, me zai hana shi zama? Abin da bai sani ba shi ne kofi a Italiya farashi biyu gare shi. In ka je kanta, wato teburin mai sayarwa, ka kurɓe a tsaye yadda 'yan gari ke yi, kuɗin kaɗan ne. In ka zauna aka kawo maka, wannan wani lissafi ne daban. A San Marco kuma har da na uku: in ka zauna a waje makaɗa suna kan aiki, akwai kuɗin kiɗa a kan kowane mutum. Ba ɓoye shi ake yi ba, yana nan rubuce a jikin menu.

Ni a lokacin shekarata ta biyu ke nan. Farashi biyu na sani, na ukun ko labarinsa ban taɓa ji ba.

Mutum 19 nake ja a ranar, yawancinsu dattawa. Takardar tsarin tafiya da ofis ya buga ya raba musu tun kafin a taso cewa ta yi: "Kofi a dandalin San Marco, kamfani ya ɗauki nauyi." Da na raba kuɗin da aka ware mini gida 19, sai na ga na tsayuwa a kanta ne. Wanda ya yi lissafin farashin kofi ya duba, bai duba na kujera ba. Kanta kuwa ba za ta ɗauki wannan taro ba, balle ga wata Hajiya mai dogara sanda, tun daga gadar Riyalto take ce mini, "Ɗana, ƙafar nan fa ta ƙi." In ce mata ta sha a tsaye?

Na koma gefe na kira Oga. Na zayyana masa komai, har adadin da ke hannuna. Ya ce, "Kai dai zaunar da su, kada ka ba mu kunya. In ka dawo sai a daidaita." Har yau ina jin muryar, da ƙarar cokali a kofi, don shi ma shayinsa yake juyawa. Na zaunar da su a ɗaya daga cikin gidajen, a waje, dab da makaɗa.

Gaskiya an ji daɗi. Masu hidima cikin fararen kwat suna ta kai da kawo da faranti, tattabaru na shawagi, hasumiyar dandalin ta yi ja da hasken yamma. Hajiya ta jingine sandarta tana murmushi. Tunda takarda ta ce kamfani ya ɗauki nauyi, wannan ya nemi kek, wancan askirim, wani ya ƙara kofi na biyu. Ni kuwa ina tsaye ina ɗaukar su hoto, ban ce wa kowa ga iyaka ba, menu ɗin ma ko buɗe shi ban yi ba. Da aka kawo takardar kuɗi na karanta ta sau uku. Ta ninka abin da aka ware sau shida da ɗoriya, kuma ga wani layi a ƙasa, kuɗin kiɗa sau 19. Cikina ya ɗuri ruwa. Na miƙa katin kamfani, na'ura ta ƙi karɓa, ashe an sa masa iyakar abin da zai fitar a rana, ba wanda ya gaya mini. Na sake kiran Oga, waya ta yi ta ringi har ta katse. Sai na zaro nawa katin, wanda albashi ya shiga kwana huɗu da suka wuce.

Wani Alhaji a cikinsu, mai shiru-shiru, ya lura. Ya yafito ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, lafiya? Na ga fuskarka ta canja." Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." Ya sa hannu a aljihu, na riƙe hannun na ce an riga an biya. A tunanina mutuncin kamfani nake karewa.

Ranar Litinin a taron ma'aikata Oga ya ɗaga rasit ɗin sama kowa ya gani. Ya ce, "Wa ya ba ka izinin wannan almubazzaranci?" Na ce, "Kai ne, Oga, a waya." Ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. "Ni? Ina shaida?" Ya yi mini wankin babban bargo a gaban waɗanda na girma da waɗanda suka girme ni, ya ce duk jagoran da ya san aikinsa ya san San Marco ba wurin zama ba ne. Shi da ya sa hannu a takardar da ta yi wa mutane alkawarin kofi a San Marco. Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa. Bayan wata uku aka mayar mini da rabi. Kuɗin kiɗa kuwa aka ce kamfani ba ya biyan kiɗa. A shekarar da ta biyo baya, hoton da na ɗauka a ranar, Hajiya tana dariya makaɗa a bayanta, shi aka buga a bangon ƙasidar tallan kamfani. Waɗanda suka daɗe sun san hoton.

Ba zan ce ba ni da laifi ba. Laifina biyu: ban karanta menu ba kafin mutane su zauna, kuma na karɓi umarni da baki. Tun daga ranar, in Oga ya ce mini ko ruwa in saya wa baƙi, sai na tura masa saƙo na ce, "Kamar yadda muka yi magana yanzu," na jira ya amsa. Ya sha cewa na cika taurin kai. Bai sake samun abin ɗagawa a taro da sunana ba dai.

Abin da na ɗauki tsawon lokaci kafin in gane shi ne, a irin waɗannan wurare ba abin sha ake sayarwa ba. Kofin da ke Café de Flore ko Les Deux Magots a titin Saint-Germain na Paris bai fi na lungun baya wani ɗanɗano ba. Kujerar ake saya, da madubin bango, da damar mutum ya koma gida ya ce ya zauna inda manyan marubuta suka zauna. Wannan ba zamba ba ce, haja ce kamar kowace haja, kuma akwai mai son ta da gaske. Aikin jagora shi ne ya gaya wa baƙo abin da zai saya tun yana tsaye. Ni nakan tara su nesa kaɗan da ƙofa in ce: ga tarihin wurin, ga kuɗin tsayuwa, ga na zama ciki, ga na waje, ga abin da kamfani zai biya, sauran na mai so ne. A Faransa ma haka take, na kanta daban, na cikin ɗaki daban, na bakin titi ya fi duka. Kusan kullum rabi sukan zauna, rabi su ɗauki hoto su bi ni wani wuri mai sauƙi, kuma ban taɓa samun ƙorafi daga kowane ɓangare ba. Wanda ya san kuɗi ya zauna da ransa ba ya fushi. Wanda aka shammata shi ke rubuto wasiƙa.

Sauran a taƙaice.

A Viyana, babban birnin Ostiriya, sai ku saki jiki. Can kofi ɗaya, wanda ake kawowa da ɗan kofin ruwa a kan faranti, ya ishi mutum ya zauna sa'o'i ba mai hararar sa. Café Central, wanda aka buɗe a 1876, inda Trotsky, ɗan juyin juya halin Rasha, ya sha zaman dara, matsalarsa a wurina layin bakin ƙofa ce, don haka nakan kama wuri tun da wuri ko in je da safe.

A mashayun Landan ba mai zuwa tebur ya tambaye ku, kanta ake zuwa a faɗa a biya nan take. Na taɓa ganin jagoran wani kamfani ya zaunar da mutanensa kusan rabin sa'a a Ye Olde Cheshire Cheese, wadda aka sake ginawa a 1667 bayan babbar gobarar birnin, suna jiran mai hidimar da ba zai zo ba. Wurin lunguna ne da matattakala masu duhu, kada ku cusa dattijo ƙasa.

In kuna da baƙin da ba sa shan giya, kada suna ya ruɗe ku. Bellini na Harry's Bar, da Giuseppe Cipriani ya buɗe a Venis a 1931, kamar ruwan 'ya'yan itace yake a ido, amma da giya ake haɗa shi. Caffè corretto ma da ɗigon barasa a ciki, haka Irish coffee, haka wasu kayan zaƙin. Ku tambaya da bakinku, kowane faranti. Kuma ku tambayi baƙin tun a mota ko suna son shiga mashaya sam, wasu tarihin ginin daga waje ya ishe su.

Gidan kofi na Fishawi a kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira: ku je don shayi da na'ana'a da tsofaffin madubai, amma ku gargaɗi mai asma saboda hayaƙin shisha, ku kuma shirya wa masu talla.

Kada ku saka shahararrun wurare biyu a yini ɗaya, na biyun ba ya burge kowa.

Kada kuma ku taɓa zaro katinku. In na kamfani ya ƙi, ku zauna a nan ku yi ta kira har a ɗauka, kunyar ta mai kamfani ce.

Na ji an ce bana an mayar da San Marco cikin tsarin tafiya, da jimlar nan dai ba a canja ko wasali ba. Wanda aka ba wannan rukuni ya duba aljihun tebur na biyu a tsohon mazaunina, na bar masa hoton rasit ɗin a cikin ambulan, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin kuɗin kiɗa. Na asalin yana wurina.