Kayen da ke kan teburin yankana

Daren jajibirin ƙaramar salla, wajen ƙarfe 2, wani dattijo sa'an mahaifina yana zaune kan benci a shagona na unguwar Zariya, yana jiran kayan jikansa. Tun 5 ga azumi ya kawo shaddar, ni kuwa ko almakashi ban sa mata ba. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi: "Ɗana, da ka gaya mini ba ka da hali, da na kai wani wuri." Na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara." Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina, don yaron nan da tsohon kaya ya je idi.

Bayan salla na sayi kaye, wato littafin rubutu, da bik. Sati biyu ban tsara komai ba, abin da na yi kawai nake rubutawa, da ƙarfe nawa na fara, ƙarfe nawa na gama. Abin da na gani ya girgiza ni. Riga da wando marasa aiki, da nake ce wa mutane awa ɗaya da rabi ne, ashe awa 3 suke ci in an haɗa da awo, yanka da guga. Mai surfani kuwa yini guda ce cur. Wato shekara da shekaru ina karɓar ɗinkin mutum biyu ina kwana da tunanin na mutum ɗaya ne. Ga fada, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, awa 2 ta wuce. Ga zuwa babbar kasuwa kusan kullum, yau zare, gobe maɓalli, jibi shafi.

Sai na raba yinina da lokutan salla, tunda su ba sa gocewa. Daga asuba zuwa hantsi yanka nake yi, don nan ne kai yake sake, kuma kuskuren yanka ba ya gyaruwa, shaddar mutum ta tafi ke nan. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wanda ya bar yanka sai bayan azahar ya cuci kansa da mai kaya. Salula tana cikin aljihun tebur, ina duba saƙonnin WhatsApp bayan azahar da bayan isha'i. Kasuwa ranar Litinin kawai, da takardar abin da ya ƙare a hannuna. Fada ban bar ta ba, abokai ba abin yarwa ba ne, amma sai bayan magariba.

Wuta ma ta koya mini wani abu. Tun da Najeriya ta yanke mana lantarki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar, na riƙa ware aikin da ke son kuran, kamar surfani, da wanda keken ƙafa zai iya. In an kawo wuta, yaran shagona uku sun san abin da za su ɗauka ba sai na yi magana ba.

Rabin yinin Laraba ba na sa masa komai. A garin nan ba a sati babu jana'iza ko suna ko ɗaurin aure, kuma ni ba na yarda da tsarin da zai hana mutum zumunci. In ba abin da ya taso, sai in cike gurbin da aikin da ya makara.

Mafi wuya shi ne cewa a'a. Mun saba da "gobe in sha Allahu" alhali mun san goben ba ta yiwuwa, kuma wannan wasa ne da sunan Allah. Yanzu in an kawo ɗinki, sai na buɗe kaye a gaban mai shi, mu ƙirga tare, in faɗa masa ranar gaskiya. Ranar 10 ga azumi nake rufe karɓa. Wasu sun yi fushi sun koma wani shago, har da ɗan ƙanen mahaifiyata, kuma kuɗin da nake samu a azumi ya ragu da jikkuna masu yawa. Dattijon nan ya dawo a azumin da ya biyo baya da shadda biyu. Na rubuta masa 18 ga wata, ranar 17 na aika yaro ya kai masa har gida.