Kashi takwas ba sa isa a saba da mutum

A watan Janairun 2025 da fim mai dogon zango na Amurka mai suna Severance ya dawo zango na biyu, ni da ƙanena muka shirya masa kamar za mu tari baƙo. Shi ya sayo data, ni na cika kwamfuta da caji tun da rana saboda ba a ba wuta amana, muka baje a tabarma bayan isha'i. Ko ɗan tunin da ake yi na abin da ya gabata ba a gama ba ya dakatar da fim ɗin ya juyo gare ni.

"Yaya, wannan matar mai farin gashi, maƙwabciyar jarumin ce ko shugabarsa a wurin aiki?"

Na ce duka biyun ce, amma sai da na yi jim kafin abin ya dawo mini. Zango na farko ya fito ne a Fabrairun 2022, kashi tara kacal, kuma saura kaɗan shekara uku ta cika kafin a kawo ci gabansa. 'Yata da aka raɗa wa suna a wannan watan, lokacin da fim ɗin ya dawo har ta fara bin yayyenta makarantar allo. Fim ne mai kyau ƙwarai, ba na ja da wannan. Abin da ya dame ni shi ne na zauna gaban mutanen da na taɓa damuwa da su, sai na ji kamar fasinjojin da muka taɓa shiga mota ɗaya zuwa Kaduna: na san fuskar, amma babu sabo.

Ba haka na fara kallon ƙagaggun labaran kimiyya ba. Ina ɗalibi a Zariya wani abokin ɗakina ya zo da fayafayen Star Trek: Deep Space Nine, irin waɗanda ake cusa zango guda a faifai ɗaya ko biyu, hoton ya yi dishi-dishi. An nuna shi a Amurka daga 1993 zuwa 1999, zango bakwai, kashi 176. Muka shafe watanni muna kallo, kullum ɗaya ko biyu, har ya zama idan an ambaci Odo ko Quark muna magana ne kamar a kan mutanen layinmu. Wanda ya daɗe yana bin Daɗin Kowa a Arewa24 ya san irin wannan sabon, inda za ka ji mata a gidan suna suna tattauna halin wani ɗan wasa kamar surukinsu ne.

Akwai kashi ɗaya da har gobe ba ya barin raina, na goma sha tara a zango na farko, mai suna "Duet". Kuɗin zangon ya yi ƙasa, sai aka rubuta labarin da ba ya bukatar sabon wuri ko yaƙin jirage, kusan dukkansa mutum biyu ne a ɗakin tsare masu laifi. Kira Nerys tsohuwar 'yar gwagwarmaya ce, mutanen Cardassia sun mulki ƙasarta Bajor da zalunci shekaru da dama. Wani ɗan Cardassia ya sauka a tashar sararin samaniyar da labarin ke gudana a cikinta yana neman magani, kuma cutarsa ba a kamuwa da ita sai a sansanin bauta na Gallitep. Ta sa aka tsare shi. Da farko ya ce shi magatakarda ne kawai mai jera fayil, daga baya ya ce shi ne ma kwamandan sansanin, ya dinga alfahari da kisan da aka yi yana dariya a gabanta. Can sai gaskiya ta fito: magatakardan ne da gaske. Ya sa an sauya masa fuska ne don a gurfanar da shi a madadin kwamandan da ya riga ya mutu, ko mutanensa za su amsa laifinsu a gaban duniya. Ya fashe da kuka yana faɗin yadda yake toshe kunnuwa da dare don kada ya ji ihun waɗanda ake azabtarwa. Kira ta sake shi, tana rako shi wani ɗan ƙasarta ya daɓa masa wuƙa don kawai shi ɗan Cardassia ne, sai ga matar da ta fara kashin da ƙiyayyar ƙabilar gaba ɗaya tana durƙushe a kan gawarsa. Minti arba'in da 'yan kai ne. Babban labarin tashar bai matsa ko taku ɗaya ba, amma Kira ba ta sake zama yadda take ba, mu ma masu kallo haka.

A zango mai kashi takwas wa zai ba wannan labari wuri? Kowane kashi yana ɗauke da kaya zuwa na gaba, ba a yarda a sauke a huta ba.

Tsawon zangon da ba son masu kallo ne ya kawo shi ba, kasuwa ce. A wancan zamanin talabijin a Amurka da talla yake rayuwa, shekarar shirye-shirye tana farawa wajen Satumba ta ƙare a Mayu, dole a cike makonnin nan, shi ya sa ake yin kashi 22 zuwa 26. Kuma babbar riba tana zuwa ne idan shiri ya tara wajen kashi 100, a sayar wa ƙananan tashoshi su dinga maimaitawa kullum. Netflix da Apple da Amazon kuɗin wata suke karɓa, abin da suke so shi ne sabon abu mai ƙara da zai sa mutum ya yi rajista ko ya fasa fita. Sai aka koma zuba kuɗin fim ɗin silima a kowane kashi, adadin ya ragu, aikin haɗa hotunan kwamfuta ya ƙara tsawon jira. Ko a cikin gidan Star Trek kana ganin gangarowar: Discovery ya fara da kashi 15 ya ƙare da 10.

Marubutan Hollywood da suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, wannan na cikin kokensu: ana tara su 'yan kaɗan na 'yan makonni, su rubuta zango, a sallame su kafin a kunna kyamara. Ni abin da ya fi ja mini hankali a koken nan ba albashin ba ne. A da ana rubutu ana ɗauka ana nunawa duk a lokaci guda, marubuci yana ganin ɗan wasan da ya fi ƙarfin rawar da aka ba shi sai ya ƙara masa. Garak, telan nan na tashar da ake raɗe-raɗin tsohon ɗan leƙen asiri ne, sau ɗaya tak ya fito a zango na farko, amma kafin a gama ya zama cikin ginshiƙan labarin. Nog ya fara a matsayin yaro ɗan sane da bai iya karatu ba, abokinsa Jake ne ya koya masa a ɓoye. Shekaru suka tafi, ya shiga soja, ya rasa ƙafa a yaƙi a zango na bakwai, aka ware kashi sukutum a kan yadda tsoro ya hana shi komawa cikin mutane. Da na kalli wannan kashin hawaye na yi, don yaron a gabana ya girma. Yanzu ana gama komai a rufe kafin ido ɗaya ya gani, wanda aka rubuta ƙarami a ƙaraminsa zai ƙare.

Ba zan ce duk abin da ke cikin dogon zango hatsi ne ba, akwai ƙaiƙayi da yawa. Star Trek: The Next Generation ya rufe zangonsa na biyu a 1989 da wani kashi da aka kwantar da Riker, mataimakin kyaftin ɗin jirgin, a gadon asibiti aka yi ta dawo da tsofaffin hotuna a matsayin mafarkinsa, don kuɗi ya ƙare. Mu ma nan mun san cutar ja wa labari rai, inda za a ci minti biyar ana buɗe get mota na shiga ana gaisawa. Ba wannan nake kewa ba.

Jerin littattafan The Three-Body Problem na marubuci Liu Cixin na ƙasar Sin ya ba ni damar auna abin da idona, don na kalli fim biyu da aka yi daga cikinsa. Kamfanin Tencent ya yi kashi 30 a 2023 a kan littafi na farko kaɗai, Netflix kuma ya yi 3 Body Problem kashi 8 a 2024, har ya ɗebo daga littattafai na gaba. Na Tencent yana da nauyin ƙafa, akwai maimaici da ya isa a yanke. Amma da aka zo wurin da masaniyar kimiyya Ye Wenjie za ta aika amsa ga halittun wata duniya, bayan an gargaɗe ta cewa amsawa halaka ce ga 'yan Adam, na riga na zauna da ita tsawon lokaci a sansanin nan na kan dutse. Na san abin da ya faru da mahaifinta lokacin juyin al'adu na ƙasar Sin, na ga yadda wanda ta amince da shi ya juya mata baya. Da ta miƙa hannu na fahimce ta, abin ya ba ni tsoro. A na Netflix an iso wurin tun a kashi na biyu. Ya fi kyan hoto, ya fi sauri, na gama shi a kwana biyu, amma sai ga shi an gaya mini dalilinta ne, ban ɗanɗana shi ba. The Expanse ma da aka ba zangonsa na ƙarshe kashi shida, an buɗe labarin duniyar Laconia a farkon kowane kashi aka tafi aka bar shi a buɗe.

Wanda ya nuna mini cewa ana iya yi da kaɗan shi ne Andor, na gidan Star Wars. Kashi goma sha biyu ne a kowane zango, amma Tony Gilroy da ya ƙirƙire shi ya yanka su gida-gida, galibi uku-uku, kowane gida da farkonsa da ƙarshensa. Kashi ukun da aka yi a kurkukun Narkina 5, inda fursunoni ke tafiya ba takalmi a kan daɓen da ake sakar wa lantarki, suna haɗa ƙarafan da ba su san amfaninsu ba, sun isa na san Kino Loy, jagoran fursunonin, ciki da bai. Da aka fasa kurkukun aka iso bakin ruwa ya tsaya don bai iya iyo ba, na ji shi a ƙirjina. An ba wurin lokacinsa, ba a yi ta jan mu da alkawarin wani sirri da sai kashi na ƙarshe za a buɗe ba. Star Trek: Strange New Worlds ma yana ƙoƙarin ba kowane mako labarinsa, sai dai da kashi goma ga ma'aikatan jirgi masu yawa, wani sai ya yi zango guda bai samu ranarsa ba. Ortegas mai tuƙin jirgin ta daɗe tana jira kafin ta samu tata a zango na uku a 2025.

Bayan mun gama Severance a watan Maris na nemo "Duet" na kunna wa ƙanena, ban yi masa wani bayani ba. Da farko yana ta danna waya, yana cewa kayan da suka sa kamar na wasan makaranta. Da aka zo wurin kukan magatakardan na ga ya kife wayar a tabarma. Aka gama bai ce komai ba, can ya ce, "Yaya, kashi nawa ka ce suna da shi?" Na ce 176. Ya tashi ya ɗauko filashinsa.